Lisansi A Hannu, Ingilishi A Gaba: Yadda Matasan Madawa Ke Shirin Shiga Digiri Na Biyu

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Madawa bayan sallar isha'i ya san yadda fada take. Benci ko tabarma a ƙofar gida, buta bisa gawayi, shayi na ɗaya da na biyu da na uku, hira kuwa in ba ta ƙwallon Turai ba to ta farashin buhun albasa ce. Amma akwai wata fada da na yi kusan mako uku ina leƙawa, wadda in mutum ya tsaya daga nesa sai ya ɗauka makarantar dare ce. Samari biyar ne, kowanensu da kaye da bik, ga fitila mai caji a tsakiya, ɗaya na karanta wani abu da ƙarfi daga wayarsa cikin Ingilishi, sauran na tsayar da shi duk inda harshensa ya karye. Dukkansu sun gama digiri na farko, wato lisansi, wasu a Tawa, wasu a Maraɗi, wani a Yamai. Abin da ya haɗa su shi ne neman gurbin digiri na biyu, kuma kowanensu ya gano cewa ƙofar da yake son shiga mabuɗinta Ingilishi ne.

Abin da ya sa na fara bin diddigin wannan al'amari shi ne wata waya da na amsa a cikin shirin da nake gabatarwa kan ilmi. Wani saurayi ne ya kira daga wani ƙauye na gundumar Buza. Ya ce ya karanci aikin gona, ya fito da sakamako mai kyau, ya nemi tallafin karatu na wata ƙasar waje, takardunsa suka tsallake tantancewar farko, sai aka kira shi domin ganawa ta waya. Ya ce tambayar farko ma ya san amsarta sarai, domin kan ƙasar noma ce, abin da ya yi shekara uku yana karantawa, amma kalmomin suka ƙi zuwa. Kafin ya gama fassara tambayar a zuciyarsa zuwa Faransanci, ya tsara amsa, ya maida ta Ingilishi, mai tambayar ya wuce gaba. Gurbin ya tafi ga wani, shi kuwa yana gida, damina ta uku ke nan.

Ni kaina ban ji daɗin labarin ba, domin ya taɓa ni. Na yi shekara bakwai ina ɗaukar darasin Ingilishi, huɗu a kwaleji uku a lise, kamar duk wanda ya kai ga bak a ƙasar nan. Har gobe ina iya rera jerin aikatau marasa bin ƙa'ida da mushe ya sa muka haddace. Amma ranar da aka kawo mini wani baƙo injiniya mai jin Ingilishi kaɗai cikin ɗakin watsa shiri, bayan gaisuwa sai na koma kallon tafinta kamar kurma.

Me ya sa sai yanzu?

Idan mai karatu bai manta ba, shekarun baya wanda ya samu bak ma abin nunawa ne a gari. Jami'a ɗaya ce tilo ta gwamnati, ta Yamai, wadda aka fara a 1971 kuma take ɗauke da sunan Abdu Mumuni, sai Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986. A 2010 ne aka kafa jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram, kuma ta Tawa yanzu tana amsa sunan masanin tarihin nan Jibo Hamani, wanda ya yi rubutu kan tarihin Adar. Wannan ya kawo karatu kusa da ɗan talaka na Madawa da Buza da Keita. Da tsarin da ake bi yanzu, lisansi shekara 3 ce, mastar 2, dokta 3. Sakamakon haka masu lisansi suka yi yawa, aikin gwamnati bai ƙaru daidai da yawansu ba, gurabun mastar a cikin gida kuma ba su isa kowa.

To ina za a nufa? Mu nan Allah Ya ajiye mu a bakin iyaka. Daga Madawa zuwa Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 ba, daga can a tsallaka Illela sai Sakkwato, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take tun 1975. Ga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka kafa a 1962, ga Jami'ar Bayero ta Kano. Ta fuskar nisa, Sakkwato ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, tunda Yamai kusan kilomita 500 ce daga nan. Abinci ɗaya, addini ɗaya, Hausa ɗaya a kasuwa, amma da zarar an shiga aji sai Ingilishi. Haka abin yake a Gana, da Indiya, da Malesiya, da kwasa-kwasai da dama na Turkiyya da Sin.

Kai, ko a cikin gida ma abin ya iso. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafa wa kan binciken canjin yanayi a Afirka ta Yamma, ya buɗe karatun mastar kan yanayi da makamashi a Jami'ar Abdu Mumuni, kuma da Ingilishi ake koyarwa a tsakiyar Yamai. Mai son bincike kan gero ko dawa ko albasa, in ya nemi sababbin rubuce-rubucen masana, mafi yawansu da Ingilishi zai tarar da su. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a wannan watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ba mu ne farau ba. Ruwanda ta maida karatun makarantunta zuwa Ingilishi a 2008, Togo da Gabon kuma suka shiga ƙungiyar Commonwealth a 2022.

Sai dai ba kowace hanya ce a buɗe ba. An rufe iyakarmu da Nijeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, kuma ɗalibai sun ji a jikinsu. A Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴaƴansu shiga ƙasarta. Saboda haka hankalin samarin da na zauna da su ya fi karkata ga maƙwabta da ƙasashen Asiya.

Jarrabawoyin da ke gaba

Jarrabawa biyu ne suka fi suna. Akwai TOEFL, ta hukumar ETS da ke Amurka, wadda aka fara a 1964, ta koma ta intanet a 2005 da maki har 120, sannan a farkon 2026 aka shigo da sabon ma'auni daga 1 zuwa 6. Akwai kuma IELTS, wadda British Council da Cambridge da IDP ta Ostareliya ke gudanarwa tun 1989, makinta na ƙarshe 9 ne, kuma jami'o'i da yawa kan nemi 6 ko 6.5 ga mai son shiga mastar. Dukkansu suna auna abu huɗu: karatu, saurare, rubutu da magana, kuma sakamakonsu shekara biyu yake aiki. Ban da waɗannan, wasu jami'o'in da masu ba da tallafi kan shirya tasu jarrabawar tantancewa ko ganawa, kamar wadda ta kada saurayin nan na Buza. Kowace ce dai, tushe uku ake dubawa: yawan kalmomin da mutum ya sani, riƙonsa ga nahawu, da saurin fahimtar abin da ya karanta.

Kalmomi: dukiyar da ba mu san muna da ita ba

Babban abin da ke karya zuciyar mai farawa shi ne kaurin ƙamus. Amma masana sun daɗe da sauƙaƙa wannan. Tun 1953 wani malami mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Ingilishin yau da kullum. A shekarar 2000 kuma wata malama a ƙasar New Zealand, Averil Coxhead, ta tace rubuce-rubucen jami'a ta fitar da iyalan kalmomi 570 waɗanda su kaɗai ke ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin littattafan ilmi. Abokin aikinta Paul Nation ya yi lissafi a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafi ba tare da ƙamus ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wannan tafiya ce mai nisa, amma 570 ɗin nan abu ne da mai himma zai iya ci cikin wata huɗu in yana ɗaukar biyar a rana.

Ga inda abin yake da daɗi ga ɗan Nijar. A 1066 Sarki Wiliyam na Normandi, daga arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnoni, dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Mafi yawan kalmomin jerin Coxhead asalinsu Latin ne ko Girkanci, wato ƴan uwan waɗanda muka sha a lise. Wanda ya san "analyse", "méthode", "hypothèse" da "évaluer" bai buƙatar a gaya masa ma'anar "analysis", "method", "hypothesis" da "evaluate". Abin mamaki, a fadar nan na lura ƙananan kalmomi ne ke ba su wahala, irin su "though", "yet", "rather" da aikatau masu wutsiya kamar "carry out" da "give up", alhali manyan da ke tsorata wasu sun zame musu ruwan sha.

Amma masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Akwai kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban, kuma masu shirya jarrabawa sun san da su. "Actually" ba "actuellement" ba ce, tana nufin a gaskiya. "Eventually" na nufin daga ƙarshe. "Library" ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba. "Attend" halarta ce, ba jira ba. Wadda ta fi ba su dariya ita ce "pass". A Faransanci "passer un examen" zama jarrabawa ne kawai, ko an ci ko an faɗi, amma a Ingilishi wanda ya ce ya yi "pass" to ya ci ke nan. Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin yadda ya taɓa rubuta wa wata jami'a cewa ya yi "pass" ɗin wata jarrabawa da ko sakamakonta bai fito ba.

Dabarar da suke bi wajen hadda ba sabuwa ba ce. Suna yanka kwali ƙanana, gaba kalma, baya ma'ana da jimla guda, su zuba cikin gwangwanaye uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Kalmar da aka tuna ta ci gaba, wadda aka manta ta koma na farko. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa wannan tsari a 1972, kuma manhajar Anki da ake saukewa kyauta a wayoyin Android a kan irin wannan hikima take aiki. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sirrin: tilawa ce ke riƙe hadda.

Nahawu: inda Hausa ta fi Faransanci taimako

Nahawu kuwa, na lura kura-kuransu ba su da yawa, sai dai suna maimaituwa. Na farko shi ne lokaci. Bahaushe ya ce ina nan tun bara, Bafaranshe ma da lokacin yanzu yake faɗar haka, sai ɗalibi ya rubuta "I am here since last year", alhali daidai shi ne "I have been here since last year". Na biyu, kalmomin da Ingilishi bai yi musu jam'i, kamar "information", "advice" da "equipment", waɗanda hannun da ya saba da Faransanci ke lanƙaya wa "s" ba tare da ya sani ba. Na uku, ƙaramar "s" ɗin nan ta "he works" da "she studies", da kowa ya sani amma kowa ke mantawa in lokaci ya ƙure.

Wani abu da ya burge ni shi ne wuraren da komawa ga Hausa ke warware matsala. A Faransanci "son livre" na iya zama littafin namiji ko na mace, domin kalmar na bin jinsin littafin ne. Mu kuwa muna cewa littafinsa da littafinta, wato mai abin muke dubawa, kuma haka Ingilishi yake yi da "his" da "her". Wanda ya bi ta Faransanci sai ya ruɗe, wanda ya bi ta Hausa sai ya faɗa daidai. Haka nan harafin "h" da Faransanci ke haɗiyewa, mu muna furta shi a hannu da hanya. Inda namu harshen ke ba mu kunya shi ne "p" da "f", sai "pull" ta koma "full".

Littafin da na fi gani a hannunsu shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda Cambridge ta fara bugawa a 1985, bayani a shafin hagu, aiki a shafin dama. Kwafi ɗaya ne ke zagayawa tsakaninsu, kowa ya yi aikin a kayensa don kada a ɓata wa na baya. Bayan haka kowa na da shafi na musamman inda yake rubuta kura-kuran kansa, ya karanta su kafin ya fara sabon rubutu.

Karatu da agogo a gefe

A nan ne ake yin ta. A ɓangaren karatu na IELTS ana ba mutum nassi uku, tambaya 40, minti 60. Wanda ya ce sai ya fassara kowace jimla zuwa Faransanci kafin ya gane, lokaci zai ƙare yana tsakiyar nassi na biyu. Saboda haka a fadar nan akwai doka: in an fara karatun gwaji ba a taɓa ƙamus. Ana fara duba take da jimlar farko ta kowane sakin layi, a karanta tambayoyi, sannan a koma neman amsa. Kalmar da ba a sani ba a yi hasashenta daga maƙwabtanta, a ja mata layi, sai an gama a duba. Tambayar da ta fi kada su ita ce wadda ake cewa a zaɓa tsakanin gaskiya, ƙarya, ko ba a ambata ba. Mu mun saba da cike giɓi da abin da muka sani, ita kuwa jarrabawar abin da ke cikin takarda kaɗai take so.

Dabarar da na fi so a cikin duk abin da na gani ita ce fara karatu da abin da mutum ya riga ya sani. An yi rubuce-rubuce da yawa cikin Ingilishi a kan ƙasarmu. Akwai rahotanni kan Aikin Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 domin farfaɗo da ƙasar da zaizaya ta cinye. Akwai labarin renon kututturan itatuwa a gonaki, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya yi aiki a kansa tare da manoman Maraɗi tun shekarun 1980, har ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Akwai rubutu kan albasar Galmi da kan noman rani a kwarin Tarka. Ɗan Keita da ya ga mahaifiyarsa na ɗaukar duwatsu ana jera su a gangare ba ya buƙatar a bayyana masa abin da nassin ke nufi, kalmomin kawai yake tsinta. Daga nan sai a matsa zuwa jaridun Nijeriya irin su Daily Trust, sannan a shiga fannonin da ba a saba da su ba, domin jarrabawa na iya kawo tarihin ƙudan zuma ko na jirgin ruwa.

A matsayina na ma'aikacin rediyo ba zan wuce ban ambaci kunne ba. Tun 1959 Muryar Amurka ta fara wani shiri na Ingilishi mai sauƙi, da kalmomi kusan 1,500, ana karantawa a hankali. A Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan ayyukan gidan, amma tsofaffin shirye-shiryen na nan a wayoyin samari, ana tura wa juna. Ga kuma 6 Minute English na BBC. Sai dai a yi hattara da Ingilishin tasha da na kasuwar bakin iyaka. Yana buɗe baki, yana cire kunya, amma ba da shi ake rubuta jarrabawa ba.

Kuɗi, wuta da ƴan damfara

Wahalhalun ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin zama TOEFL ko IELTS sau ɗaya ya haura jaka 100 na sefa, ban da kuɗin mota da masauki, tunda ba a Madawa ake yi ba. Ga iyalin da ke jiran a sayar da albasa kafin a biya bashin taki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa shawarar da suke ba juna ita ce kada kowa ya biya sai ya yi gwaji cikakke aƙalla sau uku, da agogo, ya ga makin da ake nema ya zauna. Ga ɗaukewar wuta lokacin zafi, ga tsadar kuɗin intanet. Akwai kuma masu talla a Facebook da WhatsApp cewa za su samar da takardar sakamako ba tare da an zauna ba. Jama'a a kiyaye. Jami'o'i na tabbatar da sakamako kai tsaye daga hukumomin jarrabawar, wanda aka kama kuwa ya yi asarar kuɗi da gurbi da mutunci.

Kada mai karatu ya ɗauka maza kaɗai ne a wannan fage. Akwai mata uku da ke cikin rukunin ta WhatsApp, malamar makaranta ɗaya da ma'aikatan lafiya biyu. Ba su zuwa fada da dare, lokacinsu bayan sallar asuba ne kafin yara su tashi. Kowace na ɗaukar muryarta tana magana minti biyu kan batun ranar ta tura, a saurara a gyara. Samarin da kansu sun shaida mini cewa ɗaya daga cikin matan ta fi kowa maki a gwajin karatu.

Abin da ya rage shi ne a tallafa musu. Ma'aikatun magajin gari na Madawa da Buza da Keita na iya ware ɗaki ɗaya mai wutar sola da ƴan littattafai. Malaman Ingilishi na lise, da ƴan uwanmu da suka yi karatu a Sakkwato da Zariya suka dawo, na iya ba da awa biyu a mako. Mu ma gidajen rediyo muna da laifi, domin minti 15 na darasin Ingilishi da bayanin Hausa bai fi ƙarfinmu ba, kuma na riga na kai wannan shawara gaban shugabannina. Ga ƙannenmu da ke lise kuwa, kada su jira sai lisansi ta zo hannu kafin su waiwayi darasin da ake gudu ranar Juma'a da rana.

Daren da na yi musu sallama, saurayin nan na Buza yana cikinsu, don tun bayan wayar da ya yi na haɗa shi da su, yakan shigo gari ya kwana biyu wurin ɗan uwansa. Gwangwaninsa na uku ya kusa cika, kuma ya ce zai sake nema in an buɗe. Ni ma da zan tafi sai da aka miƙo mini kwali goma, aka ce mako mai zuwa za a tambaye ni. Allah Ya ba su sa'a, Ya sa ilmin ya amfani ƙasa baki ɗaya, amin.